Koyar da kimiyya da lafiya: an bar jaki ana dukan taiki

Har yanzu hujjar da Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya kafa a watan Nuwamban 2025 ta kasa shiga kaina. Ya ce an soke manufar koyarwa da harshen uwa, an koma Turanci tun daga ajin farko, wai saboda sakamakon WAEC da NECO da JAMB ya nuna yankunan da suka rungumi harshen gida sun fi faɗuwa.

To a yi lissafi. A ƙarshen Nuwamban 2022 majalisar zartarwa ta tarayya ta amince da manufar, zamanin da Malam Adamu Adamu ke Ministan Ilimi. Yaron da ya shiga aji ɗaya a 2023 yana aji uku aka soke ta, kuma sai 2035 zai zauna WAEC. Waɗanda suka faɗi jarrabawar da ake magana a kai, da littafin Turanci suka yi karatun kimiyyarsu. Shi kansa Adamu Adamu ya faɗa tun ranar farko cewa manufar ba za ta kankama ba sai an samar da kayan koyarwa da malaman da aka horar. Ina littattafan da aka buga? Wane malamin firamare aka zaunar aka koya masa bayanin numfashi ko narkewar abinci da Hausa? An yanke wa abu hukunci alhali ko haihuwarsa ba a yi ba.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin tagar ajin makarantar gwamnati a ƙauye ya san yadda darasin kimiyya ke gudana. Malam zai kwafe ma'ana da Turanci a allo, yara su biya da ƙarfi sau biyar, sannan ya juyo ya ce, "Wato abin da ake nufi..." ya yi bayani da Hausa iya fahimtarsa. Haka ake yi kafin 2022, haka ake yi yau, kuma babu sanarwar Abuja da za ta hana. Illar ita ce malamin na yin wannan fassara da ka, ba littafi, ba jagora, ba kalmomin da aka daidaita. Ya yi NCE ɗinsa da Turanci, an turo shi ajin da ba mai jin Turanci, an bar shi da alli.

A darasin lafiya wannan gangancin ya fi ciwo, domin shi ne darasin da ake so ya bi yaro har gida. Ɗauki tsargiya. A garuruwa da dama na bakin dam da fadama, yaro ya ga jini a fitsarinsa sai a ce alamar balaga ce. Alhali tsutsa ce da ke fitowa daga dodon-koɗin da ke cikin ruwa, ta huda fatar mai wanka, ƙwanta ya riƙa yi wa mafitsara rauni. Mai cutar ya yi fitsari a kududdufi, zagayen ya sake farawa. Wannan bayani na minti goma ne da Hausa, kuma ɗan aji huɗu zai maimaita wa babarsa da daddare. Rubuta masa shi da Turanci, zai kwana a cikin jakar makaranta. Abin mamaki, idan lokacin rabon maganin tsutsa ya zo, malaman nan ake nema su auna tsawon yara da sanda su ba su ƙwaya. An yarda da su wajen rabo, ba a yarda a ba su ilimin abin da suke rabawa ba.

Haka ruwan gishiri da sukari na mai gudawa: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Yarinyar da ke goyon ƙaninta bayan an tashi daga makaranta ta fi kowa buƙatar sanin wannan awo, kuma da harshen da take mafarki da shi. Da mashaƙo ya ɓarke a Kano daga ƙarshen 2022, yaran da ba su kammala rigakafi ba ya fi kamawa, da yawansu 'yan shekarun makaranta. Da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010, a cikin gidaje ake daka duwatsun zinare, yara na wasa a cikin ƙurar. Ma'aikatan lafiyar da suka je Anka da Bukkuyum ba da Turanci suka wayar da kan jama'a ba. Ƙasar nan tana da manufar kula da lafiya a makarantu tun 2006. Tambayi hedimastan garinku ko ya taɓa ganin kwafinta.

Masu cewa Hausa ba ta da kalmomin kimiyya ba su san tarihi ba, domin tun kafin samun 'yancin kai Abubakar Imam da Rupert East suka rubuta littafin Ikon Allah a Zariya, suna bayanin halittu da Hausa tsantsa. Masu fakewa da yawan harsunan Najeriya kuwa, uzurin malalaci ne: a fara da waɗanda ke da rubutu da miliyoyin masu magana. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970 ya koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara shida, Turanci na matsayin darasi, kuma ba su kasa takwarorinsu ba, har a Turancin. Amma fa a Ife an rubuta littattafai, an horar da malamai. Wannan ɓangaren mai wahala ne kullum ake tsallakewa.

Kuma ba wai ba mu san yadda ake horaswar ba. A 2006 aka fara shirin SMASE da tallafin Japan a jihohin Kaduna da Neja da Filato, wanda ke koya wa malami ya sa yara gwaji da hannunsu, da abin da ke kusa. Ba sai da ɗakin gwaje-gwaje ba. Zuba kanwa a zoɓo, matsa lemun tsami a wani kofin, yara su ga launi ya sauya: an shiga darasin sinadarai ke nan da kuɗin da bai kai na katin waya ba. Cibiyar Malamai ta Ƙasa tana nan a Kaduna tun 1976. Dokar UBE ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya ga ilimin bai-ɗaya, har da kason horar da malamai da na kayan koyarwa. Sai dai abin da muke kira bita ya zama rabon alawus: kwana uku a otal, jaka mai tambari, hoton rufe taro, kuma sau da yawa fuskokin da suka zo bara su ne na bana. Malamin da ke can ƙarshen ƙaramar hukuma sai dai ya ji labari. Kaduna ta sallami malamai sama da 21,000 da suka faɗi gwajin 'yan aji huɗu na 2017, aka yi ta tafi. Kora ba ta da wuya. Wa ya yaye su, wa ya ɗauke su aiki, wa ya bar su shekara da shekaru ba horo?

Masu yanke irin wannan hukunci dai 'ya'yansu ba sa zama a ƙasa a ajin mutum ɗari, shi ya sa abin ya zo musu da sauƙi. Gwamnonin Arewa kuwa ba su da bakin kuka, tunda makarantun firamare a hannun jihohi da ƙananan hukumomi suke. Babu wanda ya hana Kano ko Katsina ko Jigawa tara malaman sashen Hausa da na kimiyya na kwalejojin ilimi su fitar da jagoran malami mai harshe biyu, Hausa a dama, Turanci a hagu, a kai horon makarantun da kansu a ranakun Asabar. Kanon da ta kafa makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977 ba ta jira izinin wani minista ba.