Don Allah a daina taƙaita Kipchoge a kan gudun Vienna

Da an ambaci Eliud Kipchoge, ɗan tseren Kenya, sai ka ji an ce ai shi ne wanda ya yi gudun fanfalaki ƙasa da awa biyu, shikenan an rufe zance. Eh ya yi, a Vienna ranar 12 ga Oktoba 2019, kilomita 42 da ɗoriya cikin awa 1 da minti 59 da sakan 40, wato duk mita 100 a sakan 17 kenan, sau sama da 400 ba tsayawa. Amma wallahi ba wannan ne ya sa nake ganin girmansa ba, don komai an shirya masa, mota a gaba tana haska masa layi a kan kwalta, ƴan gudu suna karɓa-karɓa suna tare masa iska, ana miƙo masa abin sha daga kan keke, shi ya sa ma hukumar guje-guje ta duniya ba ta lissafa shi a bajintar da aka amince da ita ba.

Ni 2012 nake dubawa. Yaron da yana ɗan shekara 18 ya doke manyan zakarun gudu El Guerrouj na Maroko da Bekele na Habasha a mita 5000 a gasar duniya ta Paris a 2003, kowa ya ce to an yi sabon sarki, sai abu ya ƙi. Olamfik ɗin Atens 2004 tagulla, na Beijin 2008 azurfa, Bekele ya tsaya masa a gaba. Shekara da shekaru yana bin bayan wasu, sai ga shi a 2012 ko gurbin zuwa Olamfik ɗin Landan bai samu ba a gwajin Kenya. A daidai nan mafi yawansu suke ɓacewa, ka daina jin ɗuriyarsu. Shi kuwa ya bar zagayen fili ya hau titi, fitarsa ta farko a gudun fanfalaki, a Hambog a 2013, ya ci.

Ku nemi bidiyon gudun fanfalakin Balin na 2015 ku kalla. Tun farko-farkon tseren soson cikin takalmansa ya zazzago, yana ta lilo a waje, ƙafa duk ta yi bororo har da jini, bawan Allah bai tsaya gyarawa ba, haka ya ƙarasa ya zo na ɗaya a 2:04:00.

Kuma kocinsa ɗaya tun yana matashi, Patrick Sang. Kipchoge ya ci zinare a Olamfik ɗin Rio 2016, ya sake ci a Olamfik ɗin Tokyo, ya tara kuɗi, amma yana nan a sansanin atisaye na Kaptagat a Kenya yana kwana da yara masu tasowa, in layinsa ya zo ya yi shara ya wanke banɗaki, a sati ya ci kilomita wajen 200 da ƙafa.

Masu cewa takalmin Nike ne yake ba shi nasara, naji ya taimaka, to amma sauran ba takalmin suke sawa ba?

Abin da ya ƙona min rai shi ne Olamfik ɗin Paris 2024, da ya kasa ƙarasawa ya tsaya wajen kilomita 30 aka dinga yi masa dariya a soshiyal midiya wai ya ƙare. Mutum mai shekara 39 fa! Wasu cikin masu dariyar ko haifarsu ba a yi ba lokacin da ya doke Bekele a wannan garin.