Wa zai biya kuɗin wutar cibiyoyin ƙere-ƙere a Legas?

Kwanakin baya na raka ɗan ƙanena wata cibiyar koyon ƙere-ƙere a gefen Agege, inda ya yi wata uku yana koyon haɗa sola. Muka tarar da injin nan mai ƙera abubuwa da narkakkiyar roba an lulluɓe shi da zanin gado. Yaron da ke tsaron wurin ya ce, "Baba, bakinsa ne ya toshe, wanda ya iya gyaran kuma ya samu aiki a Ikeja." Abin ya tsaya min a rai, don na tuna murnar ɗan ƙanen nawa ranar da ya fara kunna ƙwan fitila da hannunsa.

Masu ba da tallafi suna son sayen inji, saboda inji yana kyau a hoto ranar buɗe wuri. Kuɗin haya, man janareta da albashin mai gyara kuwa ba mai waiwayarsu. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, aka kuma ɗaga kuɗin wutar rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta a rana, zuwa naira 225 kan kowane yunit a Afrilun 2024, cibiyar da ba ta da abin shiga nata na kanta kwananta ƙidayayye ne.

Ana yawan kafa misali da cibiyar fasaha ta CcHUB da ke Yaba, wadda mai Facebook Mark Zuckerberg ya ziyarta a 2016, ta sayi takwararta iHub ta Nairobi a 2019, har ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta, Bosun Tijani, ya zama minista a 2023. Madalla. Amma ƙaramar cibiya a Idi-Araba ko Mile 12 ba ta da manyan kamfanonin da ke zagaye da Yaba. Malaminta na gaskiya shi ne mai injin markaɗen unguwa, wanda kullum mata ke kai masa tattasai su biya ɗan abin da ya sawwaƙa, da haka yake sayen mai, ya canza bel.

Haka ya kamata cibiya ta karɓi aikin maƙwabta: telan da ke son zanen surfani, mai Keke Marwa da wani ƙarfe ya karye masa, mai shagon da ke neman a haɗa masa sola. Ɗalibai su riƙa zubi duk wata kamar adashi. Wanda ya ƙware, kada a yaye shi sai ya koya wa mutum biyu gyaran injinan.

Za a ce biyan kuɗi zai kori ɗan talaka, kuma gaskiya ne. Nan ne nake kallon attajiranmu na kara da na Mile 12. Shago ɗaya da aka mayar waƙafi, hayarsa na tafiya kan wuta da kuɗin marayu, ya fi kwamfuta 20 da za a raba a yi tafi a watse.

Ɗan ƙanen nawa dai yanzu kasuwar waya da kwamfuta ta Computer Village yake zuwa, yana riƙe wa wani mai gyaran waya sukundireba.