Murmushin Ranar Laraba

Shekara uku da aurenmu, ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Duk wadda ta taɓa zama a wannan hali ta san yadda gaisuwar dangin miji take sauyawa. Shekarar farko "ya amarci", ta biyu "ya gida", ta uku kuwa baki ne yake gaishe ki, ido yana kan cikinki. Na sha saiwoyi, na sha rubutu, na sha maganin sanyi har wata mai magani a Kasuwar Barci da ke nan Kaduna ta daina tambayata me nake so, da ta hango ni sai ta fara ƙulli.

Daga ƙarshe dai muka je wajen likitar mata. Aka yi mini hoto, aka ɗebi jini, shi ma maigidan aka tura shi ɗakin gwaji, ya fito yana ta muzurai kamar an ci masa bashi. Sakamako ya dawo, kowa lafiyarsa ƙalau. Likita ta tambayi inda yake aiki. Na ce Abuja, Litinin da asuba ya tafi, sai Juma'a da yamma, wani makon ma ba ya samun zuwa. Ta zare tabarau ta dube mu, ta ce, "To ai ƙwai bai san Asabar da Lahadi ba."

A nan ta zaunar da mu ta yi mana karatu. Ƙwan mace sau ɗaya yake fita tsakanin al'ada da al'ada, in ya fita kuma ba ya wuce awa 12 zuwa 24 yana jira. Maniyyi ne mai haƙuri, yana iya kai kwana biyar a jikin mace. In an haɗa, kwanaki shida ne kacal ake da su. Lissafin nan na rana ta 14 da nake ta yi a kalandar kicin, ta ce na masu kwana 28 ne cif. Tawa kuwa wannan watan kwana 31, wancan 36, tana zuwa lokacin da ta ga dama kamar wutar unguwarmu. Shawararta ita ce in nemi na'urar da ke gane lokacin fitar ƙwai, in ta nuna, maigida ya san yadda zai yi da ogansa.

A wani babban kantin magani da ke kan titin Ahmadu Bello na samo ta. Kuɗin da na zube, da shinkafa na saya da sai na kira mai baro. 'Yar fara ce siririya, kamar rimot ɗin fanka, da ɗan allo a jikinta, sai tsinkayen gwaji kowanne a ledarsa. Da asuba za ki tari fitsarin farko a ɗan kofi, ki soka tsinke a jikin na'urar, ki tsoma bakinsa na daƙiƙa 15, ki ajiye ki jira minti biyar. Sinadarai biyu take farauta. In ba ta ga komai ba sai ta nuna da'ira wayam. In istrojin ya fara hawa sai fuska mai murmushi ta fito tana ƙiftawa, wato ku shirya. In kuwa sinadarin LH ya yi tashin nan da yake yi awa 24 zuwa 36 kafin ƙwai ya fita, sai murmushin ya tsaya cak, kuma ba zai bar allon ba sai bayan awa 48. Ku riƙe wannan awa 48 ɗin, za mu dawo kanta.

Kwana shida a jere ina tashi kafin ladan, ido rabi a rufe, kofi a hannu, ina tsugune a gaban abar nan kamar mai jiran sakamakon jarrabawa. Kwana shida tana ba ni sifiri. Rabona da ganin sifiri a jere haka tun ina aji uku a darasin lissafi. Har magana na fara yi mata. Ran Lahadi ta fara ƙifta mini ido, muka yi ta murna ni da maigida, Litinin ya rataya jakarsa ya nufi tashar jirgin ƙasa ta Rigasa, muka bar magana a kan cewa da murmushi ya tsaya in sanar da shi ko yana gaban minista ne.

Litinin ɗin da la'asar sai ga Hajiya, mahaifiyar maigida, daga Zariya, ita da jikarta Ummi, 'yar aji biyu a ƙaramar sakandare. Ta zo ganin likitan ido, za ta yi mako guda. Hajiya ta haura sittin da biyar, tana da ciwon suga shekara da shekaru, kuma tsakani da Allah ba ta taɓa yi mini gorin haihuwa ba. Nata salon daban ne. Sai ta dubi tsakar gida ta ce, "Oh, gidan nan tsaf-tsaf, ba mai ɓata shi." Ka rasa yabo ne ko addu'a.

Famfon banɗakin baƙi ya kwana biyu da lalacewa, don haka nawa take shiga. Talata da safe ta fito tana ɗingishi, na'urata a hannunta.

"'Yar nan, wannan fa? Waya ce?"

Jama'a, ta ina zan fara? Matar da ko sunan ɗanta ba ta faɗa saboda ɗan fari ne, sai dai "yaron nan", ita zan tsaya in yi wa bayanin ƙwai da ranar kiran miji? Bakina ya riga ƙwaƙwalwata.

"Na gwajin suga ne, Hajiya."

"Subhanallahi, ke ma?"

"A'a, rigakafi ne kawai."

Ta juya ta, ta leƙa allon, ta ce ta ga ɗan kofi a gefe, da fitsari ake yi ke nan. Na ce eh. Ta gyaɗa kai irin na wanda ya san kan abu, ta ce ai da can ma haka ake yi musu a asibiti, a tsoma 'yar takarda ta canza launi, kafin a zo da wannan mugun abu mai huda yatsa. Ta miƙo mini, na jefa a durowa, na ɗauka an wuce wurin. Ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, in ji masu magana. Tawa dai ta yi, har da jikoki.

Laraba da asuba na yi gwajina, na ajiye ina jira, sai na ji Hajiya tana kiran ruwan zafi na alwala. Daga ruwan zafi sai koko, daga koko sai aiken Ummi sayen ƙosai, na duba agogo bakwai ta wuce, ga ni da darasin farko a makarantar da nake koyarwa a Unguwar Rimi. Na figi mayafi na tare Keke, ban ko waiwayi na'ura ba. Sai a hanya na tuna, na ce shi ke nan, na yi asarar tsinke ɗaya, tunda da'ira da mai ƙiftawa 'yan mintuna suke yi su ɓace.

Ƙarfe biyu da rabi na dawo, na jawo durowa don ajiye agogo. Fuska ce take kallona, murmushi har kunne, ba ƙiftawa. Na rufe ido na buɗe, tana nan. Na kai ta bakin taga, tana nan. Na yi 'yar rawa a tsakar ɗaki ba kiɗa. Ban tsaya tambayar kaina wa ya zare tsinken da na bari a jiki ba, balle in ƙirga saura nawa a kwali.

Na tura wa maigida saƙo: "Ta yi murmushi."

Ko minti ɗaya ba a yi ba: "Mai ƙiftawa ko tsayayye?"

"Tsayayye."

"Ga ni nan."

Daga baya na ji yadda aka yi. Yana tsakiyar taro ya miƙe, ya raɗa wa ogansa cewa mahaifiyarsa ce ba lafiya a Kaduna, ciwon suga. Oga ya ce maza ya tafi, har da ba shi kuɗin dubiya. Ya yi ta fama da waya har ya samu tikitin jirgin ƙarshe, ya kama shi a Idu da kyar yana haki, ya sauka Rigasa bayan duhu ya yi, ya sha cunkoson masu Keke. Ni kuwa a gida na yi farfesun kaza, na turara ɗaki har hayaƙi yana fita ta taga, na shafa humrar da nake ɓoyo tun ta lefe. Ummi ta leƙo ta ce, "Anti, biki za ki?" Na ce ta je ta yi aikin makaranta.

Bayan isha'i ya yi sallama. Hajiya tana falo a kan darduma, ta ɗago a firgice.

"Lafiya, tsakiyar mako?"

Ya sosa ƙeya ya ce, "Zuwa na yi in duba ki, Hajiya."

Sai ga hawaye. Ta shiga sa masa albarka, ta ce a cikin 'ya'yanta bakwai ba wanda zai baro aikin gwamnati ya hau jirgi don kawai ya ga idonta sai shi. Ta ce ya zauna nan kusa da ita. Ya zauna. Ta ɗauko rigimar gonar Giwa tun daga kakansu, wa ya ci iyakar wa, wa ya sare ɗorawa. Goma ta yi, sha ɗaya ta wuce. Ina zirga-zirga tsakanin kicin da falo ina gyaran murya, turarena yana ta ƙonewa a banza, shi kuma yana satar kallon agogo yana cewa "haka ne, Hajiya".

Can ta ce Ummi ta haɗo mata shayi. Aka kawo, ta jawo gwangwanin suga ta zuba cokali ɗaya, biyu, uku, ta kwance ƙullin alkakin da ta kawo mana tsaraba ta ɗauki ɗaya.

"Hajiya! Sugan fa?"

Ta kurɓa a natse. "Ai na warke, da ikon Allah. Ɗazu da matarka ta fita na sa Ummi ta duba hotunan takardar, muka gwada da abin nan nata. Dariya ya yi mini. Ummi ta leƙa da la'asar ma ta ce har yanzu dariyar yake."

Ummi ta ce, "Wallahi kuwa, Kawu, har kunne."

Ban san lokacin da faranti ya kuɓuce mini ba. Maigida ya juyo a hankali ya dube ni, na dubi silin. Mutumin da ya yi wa ogansa ƙarya, ya karɓi kuɗin dubiya, ya keto daga Abuja cikin dare, ashe kiran mahaifiyarsa ya amsa.

Na shige banɗaki na kulle, na kira wata ƙawata ma'aikaciyar jinya ina raɗa. Sai da ta yi dariya har wayar ta faɗi, na ji mijinta yana tambaya ko lafiya. Da ta dawo hayyacinta ta ce na'urar ba ta yi ƙarya ba. In mace ta daina al'ada, ma'ajiyar ƙwai ta rufe shago, amma ƙwaƙwalwa ba ta haƙura, sai ta yi ta ƙara aika LH kamar mai kiran lambar da aka kashe. Don haka a jikin tsohuwa kullum sinadarin a sama yake. Ta ce ko duk tsofaffin Tudun Wada zan jera, mafi yawansu murmushin za su samu. Na ce to yanzu in sake gwadawa mana. Ta ce ina, ai sai awa 48 ɗin ta cika, kafin nan ba ta karɓar wani tsinke. Na juya abar ko zan cire batir, babu ma ƙofar cirewa. Tana hannuna tana ta yi mini murmushin surukata.

Saura kuma babban aiki, yadda za a raba Hajiya da alkaki ba tare da an faɗa mata me ta gwada ba. Maigida ya ce mata na'urar ta samu matsala, kowa ma dariya take yi masa. Ta ce sabuwa fil? Ta ce mu dai 'yan boko ba ma son mu ga mutum ya samu sauƙi ba ta hannun likita ba. Ta ƙara alkaki ɗaya don ta nuna mana. Ranar dai da ya shigo ɗaki ɗaya saura, ko farfesun bai kalla ba, ya ce in kashe turaren nan yana sa shi tari.

Da sassafe ya fita ya sayo na'urar suga ta gaskiya da kuɗin dubiyar oga, ka ga kuɗi sun koma inda aka nufe su. Aka huda yatsar Hajiya kafin ta karya, tana ta salati, lamba ta fito 14.2, alhali likitanta ya ce kada ta wuce 7. Ta harari abin ta ce wannan ba shi da fara'a. Aka kwashe alkaki aka kai maƙwabta. Da azahar maigida ya koma Abuja, abokan aikinsa suna ta kira suna ya mai jiki, yana amsawa da sauƙi, wannan karon da gaskiyarsa.

Oga ya ce tunda ya ci Laraba da Alhamis, sai ya zauna ƙarshen mako ya rama aikin da ya taru. Ni kuma da na ga na'ura ta rikice, ƙawata ta kawo mini tsinkaye masu arha, irin masu nuna layi biyu. Asabar da rana na tsoma ɗaya, layi na biyu ya fito baƙi ƙirin, ya fi na farkon ma. Sau ɗaya a tarihin aurenmu ƙwai ya san Asabar, maigida yana Abuja yana cika fayil.

Jiya da daddare Hajiya ta kira daga Zariya. Bayan gaisuwa ta ce ta ba ƙawayenta na Islamiyya labarin abin gwajin suga da ba ya huda yatsa, mutum uku sun ba da kuɗinsu, in je kantin in sayo musu, amma in tabbatar mai dariyar ne irin nawa. Na ce to, Hajiya, ga shi nan kusa, na miƙa wa ɗanta wayar na shige kicin.