Mallakar gida kaɗai ba ta isa jingina a banki

Mutane da yawa suna ɗaukar cewa duk mai gida zai iya miƙa shi jingina ya karɓi bashin da ya kai darajarsa. Ba haka abin yake ba. Abin da yake naka shi ne darajar gidan bayan an cire bashin da ke kansa: gidan naira miliyan 20 da ake bin sa miliyan 8, rabonka miliyan 12 ne. A Najeriya kuma, Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta shar'anta amincewar gwamna kafin a jinginar da fili mai takardar shaidar mallaka, kuma bankuna da wuya su karɓi takardar ciniki ta mai unguwa.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake mantawa da gyara. Mai ƙiyasin da banki zai turo yana duba kwanon da ke yoyo, da indararon da ya toshe, da danshin da ya ci gindin bango, kuma kowannensu yana rage kuɗin da zai rubuta. Shi ya sa yaɓe da gyaran rufi kafin damina ta sauka suke kare ainihin rabon mai gida.