Jirgina ya faɗa kwanon fura a gaban Kawu

Kun dai san ɗan ƙaramin jirgin ƙasan wasan nan na kamfanin Hornby da ƙanin madam ya kawo min daga Ingila, wanda take ta cewa na yara ne na ƙwace. To ba na yara ba ne. Shi ne na ce bari in gina masa gari guda, tasha da gada da kwana, amma ba kan allo ɗaya mai ƙafa 8 da 4 ba, don ranar da mai gida ya ce mu tashi ko ta ƙofa ba zai fita ba. Masu wannan harka a Turai gunduwa-gunduwa suke yi, kowane yanki kamar ƙafa 4 da 2, ka gama ɗaya ka jingine a bango ka kama na gaba, in za a yi wasa a haɗe su da noti. Duk rigimar tana wajen mahaɗa. Sai ka ɗaure allunan biyu tare kafin ka huda, ka shimfiɗa layin ya haye mahaɗar, ka kafe shi sannan ka yanka, saboda faɗin layin duka milimita 16.5 ne, in gefe ɗaya ya ɗan ɗaga ko da kaurin farce ne an gama.

Na yi wa kafintan nan namu na bakin layi wannan bayani har da zane, ya ce ranka ya daɗe ai kamar gado ne. Da ɗanyen katako ya yi min cikin damina. Hunturu na shigowa katako ya bushe ya ja jikinsa.

Ranar sunan nan gida ya cika, ni ban ma yi niyyar fito da shi ba, yara ne suka je suka tsegunta wa Kawu. Kawu kuwa kun san shi, tsohon ma'aikacin reluwe, Zariya da Kafanchan duk ya zauna, in aka ce jirgi to an taɓo shi. Ya ce a kawo. Na haɗa yankuna uku a tsakar falo kan benci, mata suka leƙo daga kicin, har maƙocin nan da ba ma ko gaisawa ya shigo da ɗansa a kafaɗa. Na jona wuta, na murɗa a hankali, jirgi ya tashi lafiya lau ya bar tasha, tarago huɗu na biye, yara na ihu, na ji kaina ya fara girma sai na ƙara masa wuta. Ya wuce mahaɗa ta farko da ɗan ƙas! Ni kaɗai na ji. Ya hau gada. Yana isa mahaɗa ta biyu sai kawai kan jirgin ya ɗaga hanci sama, ya yi kamar yana shawara, ya bar layi ya bi iska, ya ja tarago biyu suka sauka tsulum cikin kwanon furar da aka ajiye wa Kawu a ƙasa. Furar ta fantsamo masa har kan babbar riga. Sauran biyun suka tsaya a bakin gada suna lilo.

Falo ya yi tsit. Sai wata daga kicin, na san muryarta kuma za mu haɗu, ta ce innalillahi akwai fasinja?

Kawu bai yi dariya ba, da ya yi ma da sauƙi. Ya sa tabarau ya sa yatsa biyu ya tsamo kan jirgin yana ɗigar nono, ya juya shi, ya ce "Yaro, waye direba?" Na ce Kawu ni ne. Ya ce "Waye mai duba layi?" Na ce kafinta ne Kawu. Ya ce a'a, a reluwe ba a cewa kafinta. Daga nan ya buɗe, wai tun 1911 layi ya isa Kano, ƙafa 3 da inci 6 faɗinsa, da hannu mutane suka shimfiɗa shi cikin daji, ga sabon na Abuja zuwa Kaduna mai milimita 1435, amma ni ƙafa 12 a cikin falo da fanka a kaina na kasa. Na so in kare kaina na ce ai shi wannan samfurin na Ingila dama jikinsa 1 bisa 76 ne na girman jirgin gaske, layin kuma na masu 1 bisa 87 ne, tun daga can ya yi masa kaɗan. Ya ce to Turawan ne suka zuba shi a fura?

Abin da ya fi ƙona min rai, mutumin nan duk zuwan da yake gidan ba ya cin komai sai ya ce an cika gishiri, amma ranar ya shanye furar tas, wai ba a barin kayan hatsari. Kuma da zai tafi ya sa tarago ɗaya a aljihu, wai zai kai bincike. Jikansa na gani da shi a hoto an ɗaura masa zare ana ja a ƙasa.

Kafinta kuma ya ce in bari damina ta dawo katakon zai koma daidai. Madam ta ɗora kwanuka kan yankin tasha.