Tsawon ran farin beyar na ruɗar masu ƙidaya

Duk sanda aka ta da zancen narkewar ƙanƙara a yankin Aktik, can ƙuryar arewacin duniya, sai wasu su ce ai fararen beyar ba su ƙare ba, har yanzu akwai wajen 26,000. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Yarjejeniyar da Kanada, Amurka, Nowe, Danmak da Tarayyar Sobiyet suka sa wa hannu a Oslo a 1973 ta taka wa mafarauta burki, dabbar kuma ta farfaɗo a wurare da dama. Amma makiyayi ya san ba da bijimai ake auna makomar garke ba, da 'yan maruƙa ne.

Beyar kan yi shekara 15 zuwa 18 a daji, wasu su haura 25. Wata mai suna Debby ma ta wuce 40 kafin ta mutu a gidan namun daji na birnin Winnipeg da ke Kanada a 2008. Dabba mai irin wannan rai za a daɗe ana ganin manyanta ko da haihuwa ta ja baya.

Haihuwar kuwa da ma a hankali take. Macen ba ta farawa sai ta kai shekara 4 ko 5. Ana barbara a Afrilu da Mayu, amma cikin ba ya kankama sai kaka, in ta tara kitsen da zai isa. Daga nan ta haƙa rami cikin dusar ƙanƙara ta shige. Can take haihuwa wajen Disamba, galibi tagwaye, kowane bai kai kilo ɗaya ba, idonsa a rufe. Ba ci, ba sha, tana shayarwa daga kitsen jikinta har Maris ko Afrilu. A gaɓar Tekun Hudson da ke Kanada akwai wadda kan shafe wata 8 ba ta sa komai a baki ba. 'Ya'yan kuma sai sun yi kamar shekara biyu da rabi a wurinta, don haka sau ɗaya take haihuwa a shekara uku.

Duk wannan lissafi ya rataya ne a kan sil, dabbar ruwa mai kitse da beyar ke dako a bakin ramin numfashinta a saman ƙanƙarar teku. In ƙanƙara ta narke da wuri, farauta ta gajarta, uwa ta shiga rami a rame, 'ya'ya ne ke fara biya.

An ga haka a yammacin Tekun Hudson, kusa da garin Churchill. Daga kimanin 1,200 a shekarun 1980, ƙidayar 2016 ta sami 842, ta 2021 kuma 618, raguwar ta fi yawa a mata da ƙanana. Ba ko'ina abin ya yi muni haka ba, don akwai sassan Aktik da adadin bai sauka ba tukuna. A ganina, duk rahoton da ya kawo jimillar manya bai faɗi 'ya'ya nawa suka kai yaye ba, bai cancanci a gina wata manufa a kansa ba.