Wata shida Yaya tana shan maganin cutar da ba ta da ita

Raina a ɓace yake, kuma sai na faɗa.

Bara Yayata ta fara tari a nan Garwa, busasshen tari, ga kasala, ga rama. Muka kai ta asibiti, aka ɗauki hoton ƙirji. Likitan ya ɗaga hoton saitin taga, wallahi bai kai minti ɗaya yana kallo ba, ya ce tarin fuka ne. Sau biyu ana gwada kakinta ba a ga ƙwayar cutar ba. Na ce, "Dokta, to yaya haka?" Ya ce, "Malam, kai ne likita ko ni?"

Aka ɗora ta kan magani: wata 2 tana haɗiyar iri huɗu, wata 4 iri biyu. Kyauta ne, to, an gode. Amma wa zai biya abin da ta gani? Fitsarinta ya koma ja, cikinta kullum a hautsine. Aka ware mata kwano da kofi, aka kwashe 'ya'yanta zuwa gidan Inna. Autarta tana leƙowa ta labule tana cewa "Umma, in shigo?" ana janye ta. Maƙwabta masu sayen ƙosanta duk suka watse.

Wata shida cur, tari na nan daram. Muka nemi a yi mata sikana, hoton da ke nuna cikin jiki dalla-dalla, aka ce injin ya lalace, mu dawo. Sau uku muna dawowa! Ƙarshe na sayar da babur ɗina, mota zuwa Ngaundare, jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde.

Abin da ya fi ƙona min rai, tsohon hoton nan ne dai likitar huhu ta can ta fara dubawa. Ta nuna min da biro: kaluluwa ta kumbura a inda hanyar iska ke shiga huhu, dama da hagu, kusan daidai wa daida. Ta ce tarin fuka ya fi son saman huhu, yakan ci rami kamar kogo, kaluluwarsa kuma sau da yawa gefe ɗaya take, tsakiyarta a ruɓe. Nan babu kogo. Ta ce wannan ya yi kama da sarkoyidosis, cutar da garkuwar jiki ke tara ƙananan ƙullutai, kuma ba ta yaɗuwa. Ba ta yaɗuwa, jama'a!

Ita ma ba ta yanke da hoto kaɗai ba. Sai da aka yi sikana, aka tsinko ɗan nama aka gwada, domin ta ce in aka ba mai tarin fuka firednizon, maganin da ake ba mai sarkoyidosis, tarin fukan ƙara ƙarfi yake yi. Na yarda cututtukan biyu suna kama, kuma tarin fuka ya fi yawa a wajenmu. Amma da aka ga wata biyu babu sauƙi, me ya hana a sake ɗaga hoton nan?

Yaya ta samu sauƙi, alhamdulillahi. Masu sayen ƙosan ne har yau ba su dawo ba, ni kuma a ƙasa nake zuwa kasuwa.